Bidi Na Hawa Na Biyu

Ƙarfe huɗu na asuba nake fitowa daga ramin jirgi,
Manhatan na barci da ido ɗaya.
Shebur, tsintsiya, bokiti.
Shekara tara ke nan a Niyok ina kwashe kashin doki.

A Tasawa, inda aka binne cibiyata,
ban taɓa ganin dabba ta kwana a bene ba.
Nan kuwa ga shi a hawa na biyu,
gareji a ƙarƙashinsa, otel a damansa,
yana gangarowa da safe kamar akawun banki,
sai dai shi ba ya tsaki.

Fergal ya raɗa masa Duke, ni na ce Bidi,
duka biyun yana ɗaga kunne.
Ban ga laifinsa ba:
ni ma Salele ne a gida, Sal a wurin aiki.

Fergal a hannun kakansa ya gaji linzami.
Hula mai tsawo, jar fulawa a ƙirji,
yana ɗaukar amare da tsofaffi da masu hoto,
ya zaga da su lambu har bakin tafki.

Ran Asabar sai Marisol ta zo da kwalinta,
hoton wani doki kwance a kwalta.
Nas ce, daga aikin dare take, idonta ja.
Ta ce, “Wannan hanci don ƙamshin ciyawa aka yi shi,
kun manna shi a gindin bas.
Hon a hagu, jiniya a dama,
kofato ba taya ba ne, ba shi da birki.”

Fergal ya ce, “To, na ji. Na kwance shi yau.
Gobe wa zai sayi harawa? Ke?
Kin san inda ake kai dokin da ya rasa aiki?”
Ta ce a kawo keken lantarki.
Ya ce wace amarya ce za ta shafa goshin batir?
Ta ce amarya ta taka da ƙafarta.
Ni ina tsakani riƙe da bokiti,
ba wanda ya ce in sa baki.

Da sun tambaya, da na faɗa musu ranar Agusta:
ya dawo gumi ya yi masa kumfa kamar sabulu,
ƙafar baya tana rawa.
Na yi ta kwara ruwa, ina kiran sunan Allah,
ina ƙirga haƙarƙari yana ɗagawa, yana sauka.
Ranar, da Marisol ta miƙo min kwalinta, da na karɓa,
har yau ina jin wannan haki.

Da kuma na faɗa musu Fabrairu:
ƙanƙara ta rufe gari kwana uku, ba fita.
Ya harbi ƙofa har katako ya tsage,
ya ƙi hatsi, ya juya min baya.
Da ya ji ƙarar kayan ɗamara sai haniniya,
kai ka ce an gayyace shi biki.

To wanne ne Bidin?
Jiya da dare na tambaye shi da Hausa,
don kada Turanci ya shiga tsakaninmu:
“Garin nan naka ne, ko haƙuri kake?”
Ya dube ni da wannan ido mai kama da rijiya,
ya cusa hanci a aljihuna neman sukari.

Wata mai zuwa mota za ta kai shi gona,
can Pensilbeniya, sati biyar,
ya yi birgima, ya manta da danja.
Ni zan wanke masa ɗaki.

Ɗazu Hadizatu ta kira, ta fara sa kallabi.
Ta ce, “Baba, wai kai yaushe za a ba ka hutu?”
Na ce layin ba kyau.
Na rataye waya, na ɗauki shebur.
Sama da kaina, a kan katako,
ina jin takun doki.