Ƙugiya Biyu

Shekara arba'in da ɗaya ina sauya wa mutane tafin takalmi
a shagona na bayan coci, inda inuwar tsaunin
ke faɗowa tun ƙarfe uku na yamma.
Na san dutsen nan ta tabon da yake bari a jikin roba,
ta tsakuwar da nake ƙwaƙulewa da basilla,
amma ƙafata ba ta taɓa gaisawa da shi ba.

Yau Nives, autata, ta ɗaura mini ɗamara a ƙugu,
ta kifa mini hular kwano
kamar yadda nake kifa mata ta ulu tana 'yar firamare.
Ita ke bin wayar nan duk shekara in ƙanƙara ta narke,
da guduma, tana ƙwanƙwasa kowace ƙusa,
tana sauraron amsa.

"Baba, ƙugiyarka biyu.
In ka isa ƙusa, cire ɗaya, maƙala gaba,
sannan ka taɓa 'yar'uwarta.
Kada su bar waya tare."

Ƙaras. Ƙaras.
Wayar sanyi gare ta, har cikin haƙori.
Matakan ƙarfen sun sha taku har suna ƙyalli,
na ce a raina, rabin wannan gogewar aikina ne:
Bajamushen nan mai cin dunduniyar hagu,
'yan biyun gidan Zardini,
da matar da ta zo ɗinki ranar Talata
ba ta dawo karɓa ba.

Sai gada.
Waya uku kacal, ɗaya ta ƙafa, biyu ta hannu,
ƙarƙashinta babu komai sai hazo
da wani hankaka da nake kallon bayansa.
Ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba.
Gwiwata ta kama rawa kamar allurar kekena.
Na tsaya. Bakina ya bushe ƙamas.

Nives ba ta lallashe ni ba.
Daga can ƙetare ta ɗaga murya:
"Wai Ottone ya biya kuɗin takalminsa kuwa?"
Ottone! Wata tara!
Fata mai kyau, ɗinki biyu, har man shafawa na ba shi kyauta,
kullum gobe, kullum gobe,
ga shi Lahadi ba ta wuce shi a gidan shan kofi.
Ina cikin faɗa na ji ƙasa mai tauri a tafina.
Ta karɓi ƙugiyata tana danne dariya.

A ƙololuwa akwai gicciye da akwatin gwangwani,
littafi a ciki ya sha laima.
Na rubuta sunana, Anselmo, hannu na karkarwa.
Muka raba burodi da cuku da wuƙa ɗaya.
Ƙararrawar sha biyu ta taso daga gari,
ta iso mana a gajiye.

Na nemi shagona.
Ga shi can, bai kai kan ƙusar takalmi ba,
kuma ko daga nan ana ganin tabon rufin
da marigayiya Erminia ta yi shekara shida tana cewa in gyara.

Kafin mu sauka na cire takalmin dama,
na juya shi, halin sana'a.
Dutse ya yi masa yanka ɗaya a gefen babban yatsa.
Nives ta ce, "Wannan sai gyara."
Na ce, bar shi tukuna.