Layin Da Ban Ja Ba

Ni ke zuba farar ƙasa a filin ƙwallon Jega,
da gwangwanin madara mai huji bakwai,
tun masu ƙosai ba su hura wuta ba.
Shekara goma sha ɗaya ina ja:
nan kwana, nan da'irar tsakiya,
nan gidan mai tsaron raga, kada a taɓa shi.
Duk wanda ya tsallake layina, usur ya kama shi.

Lamba tara kuwa, Nafi'u Tsawa,
ƙafarsa ta hagu ba ta ƙarya.
In ya girgiza raga, har 'yan albasa
kan bar buhu a buɗe su yi kururuwa.
Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.
Na taɓa jefa hulata sama dominsa,
har yau ban san kan da ta sauka ba.

Lubabatu ɗiyar ƙanwata ce.
Ita ke wanke rigar nan mai tara a baya,
ta shanya ta, lambar tana kallon titi.
Daren da aka ci su biyu da nema a Yauri
bai tanka wa koci ba,
bai tanka wa ɗan bayan da ya yi sake ba,
ya ƙulle abin duka a ciki ya kai gida.

Da safe na same ta a gadon asibiti,
hannun dama a ɗaure, ido ɗaya ya ƙi buɗuwa.
Ta ce, "Kawu, santsi ne."
Daɓen ɗakin nan kaushi gare shi.
Ni na yi shi da hannuna.

Ran Talata kwamitin ladabtarwa ya zauna a Birnin Kebbi.
An kira koci, an kira mai kulob, an kira shi.
Ita ba a kira ta ba.
Na tsaya a baranda, takardar likita a aljihu
har gumi ya cinye hatimin.
Ta taga na ji wani dattijo:
"Mi yag gama ƙwallo da ɗaki?"
Wani ya ce zargi ne tukuna, a jira kotu.
Wani bai ce komai ba, yana ƙirga
wasannin da suka rage kafin kofi.

Wasa biyu. Tarar dubu talatin.
Da wasiƙar ban haƙuri
zuwa ga hukuma.

Bara, wani yaron Zuru ya tofa wa alƙalin wasa yawu,
wasa shida ya yi a benci.
Ban yi boko ba, amma na duƙa
na zana a ƙasa da yatsa:
yawu shida, ƙashi biyu.
Na goge da tafin ƙafa kafin wani ya gani.

Mako na uku ya dawo.
Ganga ta tashi, yara suka hau katanga.
Minti na saba'in ya zura ɗaya
daga kan ɗigon da na ɗiga da asuba.
Ban san inda zan sa hannuwana ba.

Lubabatu tana gidan uwarta.
Keken ɗinkinta na lulluɓe da zane,
tana koyon riƙe cokali da hagu.
Da na shiga ta rage muryar rediyo,
ta ce, "Kawu, shi ya ci?"
Na ce shi.
Ta daɗe tana kallon igiyar shanya.

Jiya farar ƙasa ta yi mini saura a gwangwani.
Na bi da ita ta bayan masallaci
har ƙofar gidan ƙanwata,
na ja layi daga wannan bango zuwa wancan.
Yaran unguwa na dariya: "Baba, ina raga?"
Babu raga. Babu usur, babu jan kati.
Ni ne dai, da kujerata ta roba,
da layin da kaji suka soma takawa.
Gobe in sake ja.