Wane Irin Kiɗa Kuke Yi?

A tasi ne, daga Taminus zuwa Bukuru,
mu huɗu a baya, jita ta biyar,
na rungume ta kamar mai jego.
Dattijon da ke gefena ya ƙwanƙwasa akwatinta,
ya ce, "Yaro, wannan gawa ce ko bindiga?"
Na ce, "Baba, tukunyata ce."

"To, wane irin kiɗa kuke yi?"

Shekara bakwai ana yi mini tambayar nan,
har yau ban ɗinka mata riga daidai wuyanta ba.
Manajan otal a Refil, na ce masa kiɗan natsuwa ne,
wanda ba ya hana cokali aiki.
Uwar amarya a Gangare, na ce mata
mai ciwon gwiwa ma sai ta manta inda ta jingine sanda.
Duka biyun ban yi ƙarya ba.
Duka biyun ba su kira ba.

Wai dije ya fi araha:
mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, shinkafa faranti ɗaya.
Mu biyar ne,
kuma Davou mai ganga ba ya tashi sai ya ga ƙasan kula.

Wasu ba kiɗan ne damuwarsu ba.
Sukan karɓi kati su bi sunaye da ido,
Davou, Nanret, Sallau, Longji, Mamuda,
sau biyu, a hankali,
kamar mai ƙirga canji cikin duhu,
sannan su ce, "Ku 'yan wane ɓangare ne?"
Nakan ce, "Ɓangaren da soket yake, nan muke tsayawa."
Wani ya yi dariya.
Wani ya miƙo mini katina.

Ban gaya wa dattijo wannan ba. Na ce:
akwai Nanret, da rana tana ƙirga ƙwayoyi a kemis,
da dare muryarta kan shigo ɗaki
yadda sanyin garin nan ke shigowa in ya sami ƙofa a buɗe.
Mamuda kan matsi kalangu
har ya faɗi abin da ba a aike shi ba.
Ƙahon Longji ya lotsa wuri biyu,
ɗaya aikin keke, ɗaya aikin mai gidan haya.
Ran Laraba muke gwaji, bayan shagon walda a Dilimi,
in an kawo wuta, mai walda ya riga mu,
mu jira.

Ya ce, "Ka cika baki. Ba a cinikin doya a cikin buhu.
Jiyar da ni."

Na ciro waya. Lasifikarta ta daɗe da fashewa,
mu biyar muka fito kamar sauro a kwalba.
Kunya ta kama ni.
Direba ya rage rediyo ba wanda ya roƙe shi.
Mai kwandon kabeji ta daina lissafi da leɓe.
Dattijo ya rufe ido.
Hannunsa na kan gwiwa, yatsu huɗu,
na biyar, in ji shi, kuza ta karɓa tun yana saurayi.
Na ga huɗun nan sun ɗaga, sun sauka,
sun sake ɗagawa.
Minti uku ban yi numfashin kirki ba.

A Daɗin Kowa ya ce a tsaya.
Ya karɓi katin, bai karanta sunan kowa ba,
ya soke shi a naɗin hularsa.
Ya miƙa wa direba kuɗin mutum biyu,
ya nuna ni da haɓa, ya nuna jita,
ya ƙara na uku.

Kuɗin farko ke nan da kiɗa ya kawo a makon.

Har mota ta fara tafiya ya leƙo ta taga:
"Yarinyar ta iya. Amma mai gangarku yana sauri,
kamar ana binsa bashi."

Ana binsa, Baba.
Kuma shekara bakwai ke nan muna gaya masa.