Koriyar Ƙofa

Ranar Talata, wani zaure a Gawon Nama,
fanka na tuƙa zafin bazara kamar tuwo.
Mu ashirin da uku, kowa da biro da littafin kyauta.
Ni ne babbansu, shekara sha tara ina bin labari da rakoda.
In faɗi gaskiya, kuɗin mota ya kawo ni,
da shinkafar rana.

Malama Lubabatu ba ta ja jawabi ba.
Takarda ɗaya ta miƙa wa kowa,
tsohon rahoto, an shafe sunan mai shi da baƙar tawada.
Ta ce, "Ku karanta, ku gaya mini wa aka hukunta a nan."

Layin farko ya ishe ni.
Mutum ba ya ɓatan muryarsa ko a tsakiyar Kasuwar Kara.

"Wata tela, bazawara,
mai koriyar ƙofa kusa da injin niƙa a Mabera,
an yi lalata da ita daren Laraba
bayan ta buɗe wa mai karɓar ɗinki."

Modi da ke gefena ya ce, "Ai bai kama suna ba."
Malama ta ce, "Ƙofa nawa ce koriya a layin?"
Ba a ji komai ba sai janareta.

Ta ɗauki alli ta bi kalmomina
kamar mai tsince tsakuwa a wake.
"Bazawara. Me ya kawo ta nan, in ba ta share wa zargi hanya ba?
Ta buɗe. Kun ga, ita ce mai aiki a jimlar.
Shi fa? Ina yake?
Ya shige cikin 'an'.
Harafi biyu, amma babbar riga ce,
ƙato yakan ɓuya a ciki har da takalmansa.
Sai lalata.
Ku faɗa mini, tsakanin su biyun, wa ya lalace?"

Na tuna daren.
Edita ya dafa kafaɗata, waya ta yi ta ƙara,
har mai shayi ya ƙi karɓar kuɗina.
Na tuna na tura mata rakoda dab da leɓe
ban ce ko kin yarda ba,
ban ce a kawo mata ruwa ba.
Abin da na ce shi ne, "Me ya sa kika buɗe?"

Sati uku bayan nan na bi layin a babur.
Keken ɗinki na kan kura, an ɗaure shi da tsumma,
yaro na turawa wajen tasha,
ita tana baya, riƙe da almakashi a leda.
Mata sun leƙo ta kan katanga.
Ba ta gane ni ba.
Na ji daɗin haka, Allah ya yafe mini.

Aka ce kowa ya sake rubutawa.
Na cire unguwa, na cire injin niƙa, na cire ƙofa.
Na tuɓe wa mutumin rigar "an", na ce ana tuhumar wani mutum,
na kira laifin da sunansa,
na bar fili a ƙasa don lambar asibiti da ta lauya.
Layi huɗu.
Sun fi duk shekaruna sha tara nauyi a hannu.

Da aka tashi sallar azahar na tsaya a baya.
Na ce, "Malama, rahoton nan..."
Tana goge allo, ba ta juyo ba.
Ta ce, "Na sani, Malam Junaidu.
Shi ya sa na rufe sunanka.
Ka ji yadda sutura take?"

Da yamma na bi ta Mabera.
Ƙofar na nan, an mayar da ita shuɗiya,
wani na sayar da katin waya a ciki.
A ƙasa, wajen da ruwa ke bugu,
fentin ya ɓare,
koren yana leƙowa.