Asubar Ƙarfe Huɗu na Yamma

A Krakow, in Disamba ta kama,
kafin ƙarfe huɗu rana ta naɗe tabarmarta.
A lokacin ne Jagoda ke yin asubarta.
Ta ja labule, ta murɗa hannun agogo,
ta hau gado, bargo har wuya,
ni kuwa in riƙe mata waya.
Agogo ya yi ƙara, ta yi miƙa
kamar wadda barci bai taɓa bi bashi ba.

Ɗaki ɗaya muka raba.
Kusurwarta fes: fitila ruwan zuma,
alƙaluma goma sha biyu, kowanne da launinsa,
da tsiron da ba ya jin ƙishi, don na roba ne.
Tawa kusurwar, inda kyamara ba ta leƙawa,
can ake tura kwanukan jiya
da takardar kuɗin haya.

Ta ce wa mutum dubu casa'in:
ku tashi ƙarfe biyar,
ku sha ruwan ɗumi da lemon tsami,
minti ashirin da biyar karatu, biyar hutu.
Wanda ya so, zai iya.

Da dare sai su zo, ba ƙwanƙwasa ƙofa.
Zbyszek ya rubuto:
"Ƙarfe biyar nake fitowa daga aikin gidan burodi.
A wane aljihu zan sa asubarki?"
Wani ya sa ido a kan littafin da ke gabanta,
ya ce mako uku ke nan tana shafi na ɗari da sha huɗu.
Wannan bai yi ƙarya ba.
Halszka ta ce ta bi jadawalin kwana arba'in,
ta faɗi jarrabawa, gashinta na zuba a matsefi:
"Kin sa na ɗauka ni ce raguwa."
Daga nan bango ya tsage, ƙadangaru suka samu hanya,
wannan ya ja hancinta, wancan muryarta,
wani ya auna ƙibar kumatunta.

Ni ma na taɓa rubutawa. Gara in faɗa.
Da sunan aro, daga banɗaki,
ranar da ta cinye mini cuku ba ta tambaya ba:
"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."
Mutum ɗari bakwai suka danna mini zuciya.
Na fito na tarar tana karantawa.
Ta ce, "Wannan ya iya magana,"
ta miƙo mini shayi.

Abin da ba su gani ba:
ƙarfe ɗaya na dare, an kashe fitilar zuma,
tana zaune a ƙasa, jingine da bututun ɗumama ɗaki,
da littafin aro mai tabon miya,
tana haddar sunayen ƙasusuwan tafin hannu.
Ba jadawali, ba lemon tsami.
Ta ciji farce, ta manta, ta koma farko.
Kuɗin tallan alƙaluman kuwa
Tarnow suke tafiya duk wata,
su zama gawayi a murhun mahaifiyarta.

Na ce, "Ki nuna musu wannan mana."
Ta ce, "Na taɓa gwadawa, Wiola.
Mutum ɗari biyu suka kalla."

Yau sakamako ya fito. Ta sha da ƙyar.
Ta daɗe a kan saƙon Halszka,
ta rubuta layi shida, ta goge biyar,
wanda ya rage ban ga ko ta tura ba.
A waje tarago ya wuce yana ƙugi a kan ƙanƙara,
fitilun titi suka kama ɗaya bayan ɗaya.

Huɗu saura kwata.
Ta ja labule. Ta dube ni.
Na karɓi wayar,
amma hannuna bai tsaya ba,
asubar yau ta ɗan karkace,
har gefen kwanukanmu ya shigo.
Ta gani. Ba ta ce a sake ba.