Jirage Biyu a Dadin Kowa

Mun baro Gombe tun masu shayi ba su hura wuta ba,
ni da Sa'ade da kakarta Goggo Dudu,
da kwanon dambu ɗaure a ɗankwali.
Ban taɓa ganin teku ba.
Wannan ruwan ma ya ishe ni kallo.

A bakin dam, jirage biyu.
Ɗaya shuɗi, da inji a bayansa,
mai shi Usaini, tabarau a goshi:
"Alhaji, tsibirin can mai nisa,
inda balbelu ke rufe itace kamar an shanya auduga,
dubu shida, har da rigar ruwa."
Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Ɗayan kwalekwale ne da ya sha faci,
gwangwanin kwalfe ruwa na yawo a cikinsa.
Baba Jatau bai ko miƙe ba,
ya maƙale koma a yatsan ƙafa yana ɗinki.
"Ni iyakata wancan tudun," ya nuna da haɓa.
"Duwatsu ne, sai tsamiya ɗaya."

Sa'ade ta ja mini riga: inji, Baba, inji!
Na shafa aljihu, na dubi rana,
na tuna zancen dorina da na ji a tasha.
Ina nan ina lissafi,

sai ga Goggo ta tuɓe takalmi,
ta tattare zane, ta shige mai facin,
ta zauna kamar dama ita yake jira.

Filafili na yanka ruwa sannu sannu.
Ba wanda ya ce uffan.
A tsakiya ta ce a tsaya.
"Nan rumbun babana. Can rijiya.
Ruwa a kan rijiya, kai duniya!"
Ta sa tafi a kan ruwan
kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

Ashe kafin tudun ya zama tsibiri
da ƙafa take hawansa, tana bin awaki.

Mun ci dambu a gindin tsamiyar.
Usaini ya wuce da wasu, suna ɗaga waya,
igiyar ruwansa ta zo ta lashi dutse ta koma.
Sa'ade ko waige.
Ta cika aljihu da tsamiya,
tana ta tambayar sunayen awakin.