Gudun Safe a Bakin Miljacka

Da na idar da asuba nake ɗaure igiyar takalmi,
na hagu tukuna, don gwiwar dama sai da lallashi.
Sarajevo na kwance tsakanin duwatsu
kamar ruwa a tafin hannu,
ni kuwa in sauko daga Vratnik,
gangara na ingiza ƙeyata kamar mai bi na bashi.

Likita ne ya ce in riƙa gudu,
bayan an tsaga ƙirjina an ɗinke.
Yau shekara shida. Likitan ya bar gari,
gudun bai bar ni ba.

Gidan burodin Hajrudin ne ke fara gaishe ni,
ƙamshin kan riga mai shi fitowa:
habbatus-sauda bisa gurasa mai zafi.
Sai ya ɗago hannu, fari fat da fulawa.
Ban taɓa tsayawa ba, bai taɓa ƙorafi ba.

Daga nan sai maƙabarta,
fararen duwatsu sahu-sahu a jikin tudu.
Ƙanena Mirsad na sahu na huɗu.
Da can nakan kau da kai in ƙara mai.
Yanzu sallama nake yi ina haki,
Fatiha rabi a baki, rabi a huhu,
na kuma san ana karɓar wadda numfashi ya gutsure.

Kogin ba wani kogin a zo a gani ba ne,
da rani yaro ma ya naɗe wando ya tsallake,
amma bai taɓa fashin aiki ba.
Taragon farko ya wuce yana ƙugi,
fasinja uku, biyu na gyangyaɗi.
Tantabaru su tashi, su zaga, su dawo inda suka bari.

Sai tagar hawa na biyu, kusa da gada.
Tsohuwa ce, ƙaramin gicciye a wuyanta,
jajayen furanni a gwangwanin man zaitun.
Takan ɗaga mini kofin gahawa, in ɗaga mata hula.
Sunanta ma a bakin mai raba wasiƙu na tsinta:
Ljubica.

Wata Talata, ƙanƙara ta rufe titi, taga a rufe.
Laraba a rufe.
Alhamis na rage gudu har na koma tafiya,
ina leƙe kamar ɓarawon da ya manta abin da ya zo ɗauka.
Furannin sun sunkuyar da kai.
Wa zan tambaya? In ce ni wane ne nata?
Mai hula?

A sujada na tsinci bakina yana ambatonta,
tsakanin sunan mahaifiyata da na Mirsad,
ban san sadda ta sami wurin zama a nan ba.
Kwana goma sha ɗaya, gari ya zame mini
kamar carbin da ƙwaya ɗaya ta zube:
ka ja, ka ja, yatsa ya faɗa rami.

Na sha biyu, ga taga a wangale.
Hannun dama ɗaure a farin ƙyalle,
kofi a hagu yana rawa.
Ta leƙo, ta daka mini tsawa:
“Ka makara! Minti huɗu!”

Ashe ni ma agogon wani ne.

Liman ya sha yi mana wa’azin tawakkali,
ina ji, ina gyaɗa kai, yana bi ta bayan kunne.
A titi na haddace shi:
kana ɗaga ƙafa kafin ƙasa ta yi maka alkawari,
kuma ta tare ka,
jiya, yau,
har ranar da za ta riƙe ka gaba ɗaya.

Komawa hawa ne, a tafe nake yin sa.
Ƙararrawar coci na buga bakwai a bayana.
Yau kam na tsaya wurin Hajrudin,
ya dube ni kamar ya ga bango ya yi magana.
Na ce gurasa biyu.
Ɗaya ka naɗe ta daban,
zan sake sauka gada.